Ranar Da Na Ɗora Sakina A Baro

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A Islamiyyarmu ta tsofaffi an tambaye ni, a gidan suna an tambaye ni, har Hajiya Ladi da muka yi shekaru muna fataucin atamfa tare ta bugo waya daga Katsina tana dariya. Ta ce, "Ke da kika san Jidda da Kwatano da Lome kamar tsakar gidanki, Maraɗin da muke zuwa mu dawo kafin la'asar ce ta ba ki labari?" Gaskiyarta. Amma duk zuwan da na yi a baya da kaya nake zuwa. Wannan karon da mutane na je, kuma na yi abin kunya a hanya. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Sakina jikata ce, ɗiyar Hurera, ita kuma Hurera ɗiyar wana ce marigayi. A Daddara suke. Shan inna ya taɓa ƙafafun Sakina tana ƙarama, don haka da sanduna biyu na ƙarfe take tafiya, irin masu zobe da ake zura hannu. Shekararta ashirin da ɗaya, ta gama sakandare, kuma rubutunta ya fi na malaman da suka koyar da ita kyau. Matasa masu buƙata ta musamman na yankinmu suna da 'yar ƙungiya a Jibiya, sai suka zaɓe ta sakatariya. Aikin yana nufin duk Alhamis ta baro Daddara ita kaɗai ta zo taro, wani lokaci ma har Katsina. Hurera ta ce sam. Uban kuwa mutum ne mai sanyi, ya ce magana tana hannun uwa.

Ana cikin wannan ja-in-ja wata ƙungiya irin tasu da ke Maraɗi ta aiko a turo mutum uku su yi kwana huɗu ana koya musu shugabanci da yadda ake neman haƙƙi a wurin hukuma. Sakina tana cikin ukun. Ana buƙatar babbar mace ta raka su, mai jin Faransanci kuma, sai aka tuna da ni.

Na je Daddara ɗaukarta. Hurera ta ja ni bayan rumbu. Sakina 'yar fari ce, don haka uwar ba ta faɗin sunanta. Ta ce, "Gwaggo, ga amana nan. Yarinyar nan ba ta taɓa kwana inda ba ni ba. In ta tahi ta dawo lahiya lau, to na yarda ta riƙe masu aikin. Amma in ta dawo man da ko ƙwarzane guda, an gama magana. Kar kowa ya sake zo man da zancen ƙungiya."

Ta faɗa ne da ƙarfi yadda Sakina za ta ji daga ɗaki. Ni kuwa na karɓi amanar yadda na iya karɓar amana. A shekara talatin na fatauci ba a taɓa ba ni dilar wani ta isa da ko tabon ruwa ba.

Washegari da hantsi muka haɗu da sauran biyun a tashar Jibiya. Tsakiyar damina ce, an yi ruwa shekaranjiya, gari duk ya yi laushi. Akwai Mudi, makaho daga Farfaru, mai haddar Alƙur'ani da baki kamar reza. Akwai Lawali, mai gyaran waya a bakin kasuwa, wanda ke tafiya a keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Shi ba ya da yawan magana, sai kallo. Aka ɗaure kekensa a saman mota tare da buhunan masara. Kafin mu shiga na ce kowa ya miƙo takardunsa na tafiya, na haɗa su da nawa na cusa a lalitar da ke ɗaure a ƙuguna. Haka nake yi da yaran shagona a da. Ban tambayi kowa ba.

Daga gari zuwa bakin boda ba nisa. Manyan motoci sun yi layi, babura na ratsa tsakaninsu da jarkoki, masu sayar da dafaffen ƙwai da ruwan leda na bin tagogi. Ma'aikatan da muka tarar, na ɓangarenmu da na can, sun karɓe mu da mutunci. Ɗaya ma ya fito daga ofis ya same mu a inuwa don kada mu sha wahalar hawa matakala. Ya dubi Sakina ya ce, "Malama, sunanki, kuma ina za ki?" Kafin ta buɗe baki na riga na amsa, na ƙara da sunan ubanta da kwanakin da za mu yi. A ɓangaren Nijar na sake yin haka da Faransanci, ina jin daɗin yadda harshen bai tsere mini ba.

Mudi ya karkato kai ya ce, "Lawali, ashe bayan makaho da gurgu har da bebiya muka taho?"

Na yi dariya. Sakina ba ta yi ba.

Motar da ta kawo mu ba ta wucewa Maraɗi, sai an sauka an canja wata. Tsakanin inda ta ajiye mu da inda motocin Maraɗi ke lodi akwai wani fili, bai fi tsawon layin gidaje goma ba, amma ruwan sama da tayoyin manyan motoci sun dama shi ya zama kunu. Na tsaya na dubi taɓon, na dubi sandunan Sakina, sai muryar Hurera ta dawo mini. Can na hango Issufu, wani ɗan dako mutumin ƙauyukan Maraɗi da ya yi shekaru yana ɗaukar mini kaya, yanzu gemu duk ya yi fari. Ya taho da gudu da baronsa.

"Hajiya Babba! Ashe kina duniya? Ina kaya?"

Na nuna Sakina na ce, "Ga kayana na yau, Issufu. A hankali da su, masu tsada ne."

Ya shimfiɗa buhu mai tsabta a cikin baron. Sakina ta ce, "Gwaggo, ai zan iya..." Na ce, "Riƙe sandunanki," muka ɗaga ta ni da shi muka zaunar. Ya tura ta ta tsakiyar fili, a gaban direbobi da 'yan canji da masu shayi, ƙafafunta na reto, sandunan a kan cinyarta. Ni ina biye da jaka ina godiya ga Allah da ya kawo mini dabara.

Su Lawali fa? Sai da na kai tsakiya na waiwaya. Mudi ya kama bayan keken yana turawa, Lawali yana juya hannu yana ce masa, "Dama. Dama kuma. Rami gabanka, buɗe ƙafa." Taɓo har gwiwar hannu, amma sun tsallako suna zagin juna. Da suka iso Mudi ya saurara, domin tayar baron tana da wani kuka kamar na ƙofar da ta yi tsatsa. Ya ce, "Wai wane kaya Hajiya ta saya tun ba mu shiga gari ba?"

Lawali ya ce, "Yi shiru, Mudi."

Daga nan har Maraɗi Sakina tagar mota take kallo. Gero ya yi kore shar hagu da dama, jandarmomi suka tsayar da mu sau biyu suka duba suka sallame mu. Na miƙa mata dabino ta ce ta ƙoshi. Na ɗauka gajiya ce.

Masaukinmu shi ne gidan ƙungiyar tasu: shagon ɗinki a gaba, ɗakuna da rumfar taro a baya. Shugabarsu ita ce Madam Rakiya, mace mai kimanin shekara arba'in, mai keke irin na Lawali amma an yi masa fenti shuɗi. Na kwana a manyan masaukai a ƙasashen Larabawa, masu na'urar hawa bene da ƙofa mai buɗe kanta, amma ban taɓa shiga gidan da aka tsara shi don wanda ke rarrafe ba sai nan. An fasa dokin kowace ƙofa an shafe shi da siminti. Famfo yana ƙasa-ƙasa. A bayan gida akwai ƙarfen dafawa, an kuma ɗaura igiya daga ƙofar ɗakin maza har can, mai ƙulli-ƙulli, don makafi su riƙa ƙirgawa. Duk da hannunsu suka yi. Gwiwoyina da suka tsufa su ma sun gode wa ƙarfen nan.

Mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne, Hausarsu da tamu ta Jibiya kusan ɗaya ce, amma Faransa ta bar musu nata. Makaranta lakwal ce, acaɓa kabu-kabu. Agogonsu ba ya tsayawa a sha biyu. Da aka ce mana za a buɗe taro ƙarfe sha biyar, Lawali ya dubi wayarsa ya ce tasa ba ta kai nan ba, sai na gaya masa uku na rana ake nufi. Da azahar kuwa gari kan yi tsit, kowa ya tafi cin abinci da hutawa, abin da ɗan kasuwar Jibiya zai kira asara. Da safe suka kawo burodinsu dogo mai tauri. Aka miƙa wa Mudi guda, ya shafa shi daga kai har gindi, ya miƙe ya fara ƙwanƙwasa ƙasa da shi yana cewa, "Allah ya saka da alheri, dama tawa ta tsufa." 'Yan Maraɗi suka yi dariya har da hawaye. Da rana dambu ne da zogale da ƙuli, ya sha mai da albasa, sai shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, zagaye uku. Na farkon ɗaci gare shi kamar maganin zazzaɓi, ba a kuma ƙin karɓa.

Matasa wajen ashirin ne a rumfar, daga garuruwa daban-daban: makafi, kurame da mai yi musu maganar hannu, masu keke, da wata yarinya zabiya mai faffaɗar hula. Wani dattijo, Sarkin Guragun unguwar, shi ya buɗe da addu'a. Ya ce a zamaninsu aikin shugaba shi ne ya raba abin da aka bayar ba tare da ya cuci kowa ba, kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce, "Ku kuwa an ce ba rabo za ku koya ba, tambaya za ku koya. Ni ban iya ta ba. Allah shi ba ku sa'a." Maganar ta taɓa ni.

Aka ce kowa ya gabatar da kansa. Na zauna daf da Sakina. Da aka zo kanta ta yi magana ƙasa-ƙasa, sai na maimaita da ƙarfi don a ji. Ranar ba ta sake cewa uffan ba.

Washegari da aka fita shan iska Madam Rakiya ta turo kekenta inda nake. Ta ce masu rakiya duka ƙarƙashin bishiyar bedi za su riƙa zama, ba cikin rumfa ba, haka dokar gidan take. Ta raka ni har can, ta zuba mini shayi da hannunta.

Ta ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ke uwa ce. Na ji labarin baro."

Na ce, "Taɓo ne, Madam. Amana aka ba ni. Uwarta ta ce ko ƙwarzane kar ta gani."

Ta jinjina kai. "Ni ma an taɓa tura ni cikin baro. Ranar jarrabawar gama lakwal ce, an yi ruwa, babana ya aro shi wurin magina. Ya tura ni ta gaban 'yan ajinmu duka. Na ci jarrabawar. Har ya rasu ban gaya mashi abin da na ji ba, don na san ƙauna ce ta sa shi. Amma har yau in na ji kukan tayar baro sai ranar nan ta dawo man." Ta kurɓi shayi. "Mu sakatariya munka gayyato, Hajiya. Tun jiya nike nemanta ban gan ta ba."

Na so in ce mata na haife ta, na kuma ga duniyar da ba ta gani ba. Na tuna yadda ake tura tsofaffi a keke wajen ɗawafi ba mai jin kunya. Sai kuma na tuna cewa su tsofaffin su ke cewa a kawo keken. Na sha shayina mai ɗaci.

Kwana biyu na yi ƙarƙashin bedin nan tare da wata uwa daga Tasawa da wani kawu mai yawan gyangyaɗi. Rumfar ba ta da bango, don haka ina jin darasin. Ba wani dogon turanci ba ne, dabarun aiki ne kamar na kasuwa. In za ku ofis, ku je ku uku: ɗaya ya yi magana, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya zama shaida. Ku nemi abu ɗaya, kada ku zube goma. Ku nemi abin da mutumin ke da ikon yi da kansa. In ya kawo kyauta a maimakon amsa, ku gode masa ku mayar da shi kan maganar. Kada ku tashi sai kun sami suna da rana. Suna yin wasan kwaikwayo, wani ya zama mai ofis. Mudi ya fi kowa iya zama mai ofis, ya riƙa cewa, "Ku dawo bayan Sallah," ana tambayarsa wace Sallah yana cewa, "Duk wadda Allah ya nuna mana." A rana ta biyu na ji wata murya ta katse shi: "Ranka ya daɗe, ba mu tashi sai ka faɗi rana." Sai da na leƙa na tabbatar Sakina ce. Ban taɓa jin muryarta da wannan ƙarfin ba.

Ranar da ta rage kwana ɗaya mu dawo, bayan la'asar, ina tsugune bakin famfo ina wanke wa Sakina kaya, ta zo ta zauna kan turmi.

"Gwaggo, ina son takarduna."

Na share hannu na kwance lalita na ba ta nata, na ba ta na su Mudi ta kai musu. Tsohuwa ba ta saba ba jika haƙuri ba. Da ƙyar na ce, "Baron nan... ban kyauta ba."

Ta ce, "Ba baron ya fi yi man ciwo ba, Gwaggo. Ba ki tambaye ni ba. Da kin tambaye ni, ƙila ni da kaina zan ce a kawo shi."

Na ce, "To gobe fa? An ƙara ruwa. Kin ji abin da uwarki ta ce."

"Na ji. In na faɗi, Inna ta hana ni aikin. In kuma aka ɗauke ni, su Mudi sun san sakatariyarsu sai an tura ta, ni ma na sani. Ki bar ni in zaɓi wadda zan iya ɗauka." Ta ɗan yi murmushi, na farko tun Jibiya. "Kuma ki bar man wankin nan, kin cika sa omo."

Aka rufe taro da safe, aka ba kowa takardar shaida, aka yi ta musayar lambar waya. Madam Rakiya ta riƙe hannuna da nata biyu, tafukanta da kanta kamar na manomi. Ta ce in dawo ko ba rakiya, akwai shayi.

Kafin azahar muna bakin filin nan. Ya fi ranar farko lalacewa. Issufu ya hango mu ya taho, baro na kuka, har ya shimfiɗa buhu. Na dubi Sakina.

Ta ce, "Sannu da aiki, Baba Issufu. Yau da ƙafa zan tsallaka. Ga jakunkuna."

Ya dube ni, na kau da kai. Ta tattare zanenta ta soke, ta shiga. Takan kafa sanda ɗaya ta gwada ƙasa, ta kafa ta biyu, sannan ta ja jiki. Ina bayanta da taku uku, na naɗe hannuwana cikin mayafi don kada su yi abin da suka saba. Ta wuce rabi. Har na fara sakin numfashi, sai sandar hagu ta zame kan wani fasasshen bulo da ke ɓoye cikin taɓo. Ta tafi gaba ɗaya, haɓarta ta bugi gefen bulon.

Na ga jini. Ban san sanda na yi salati ba. Maza uku suka rugo za su sure ta. Ta ɗaga hannu daga inda take kwance ta ce, "Ku dakata. Lawali, matso da keke." Ya matso, Mudi na riƙe da bayansa don kada ya gangara. Ta kama ƙarfen ta ja jikinta sama a hankali, ta ce wa ɗaya daga cikin mazan ya miƙo mata sandar da ta yi gefe, ta yi masa godiya. Ta ƙarasa sauran filin jini na ɗiga kan hijabinta. Mudi yana ta tambaya, "Mi ya faru? Wa ya faɗi?" Lawali ya ce, "Sakatariya ce ta auna zurfin wurin."

Na ɗauka mota za mu nufa. Sai ta tambayi Issufu wane ne babba a nan. Ya kai mu wata rumfar kwano inda shugaban masu lodi ke zaune kan benci, wani ƙaton mutum mai carbi. Da ya ga jini da taɓo ya miƙe yana sannu, ya ce a ba ta gidan gaba a motar da ke lodi, kuma kada a karɓi komai a hannunta.

Ta ce, "Mun gode, Alhaji, Allah ya saka. Amma ba wannan ya kawo mu ba. Abu ɗaya muke roƙo. Motocinku na kawo burji suna wucewa da shi. A zuba mana 'yar siririyar hanya daga nan zuwa can, faɗin mutum guda. Ba mu kaɗai ba, ga tsofaffi, ga masu ciki." Ta nuna ni da haɓarta mai jini. "Ga irin su Gwaggo."

Mutanen rumfar suka yi dariya, ni ma na yi. Alhajin ya ce, "Wa ya aiko ki, 'yan mata?"

"Ƙungiyarmu. Ni ce sakatariya. Wannan Lawali, wannan Malam Mudi."

"To, za a duba in sha Allahu."

Mudi ya yi gyaran murya, ya san wannan amsar sarai. Sakina ta ce, "Wace rana za mu dawo mu ji, Alhaji?" Ta miƙa wa Lawali littafi da biro ya rubuta. Mutumin ya dube ta, ya dubi littafin, ya shafa gemu ya faɗi sunansa, ya ce Litinin ta sama. Ko zai cika ban sani ba, ban kuma zo nan in yi masa shaida ba. Na dai ga an rubuta.

A Jibiya na kai ta wurin mai kemis ya wanke ciwon ya manna filasta. Tsagar ba ta da zurfi, kuma a ƙarƙashin haɓa take. Na saya mata sabon hijabi ta canja. Da ta sa sai na lura bakin hijabin ya rufe filastar ruf. A motar Daddara na raɗa mata, "In kika ja shi sama haka kwana uku, ya warke ba wanda ya sani." Ni da bakina, mai riƙon amana. Ta dube ni ta yi 'yar dariya.

Mun isa ana kiran la'asar. Hurera na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta gaishe ni a durƙushe, ba ta dubi 'yar ba, irin kawaicin da ake yi wa 'yar fari. Amma na ga idonta na bin ta ta gefe daga kai har ƙafa. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. Gwaggo, kin cika amana."

Sakina ta jingina sandunanta da bango ta zauna kan tabarma, ta sa yatsa ta ja bakin hijabin ƙasa.

Na ce, "Hurera, laifina ne, ina bayanta na..."

Sakina ta ce, "A'a, Gwaggo. Inna, ni na ce a bar ni in taka. Na faɗi a taɓon boda, na tashi, na ƙarasa. Ba na so in riƙe aikin nan da ɓoyo. In kin hana, na hanu. Amma zan sake faɗuwa, Inna, ko a boda ko a bayan ɗakin nan. Gara in faɗi a hanyar wani abu."

Hurera ta matso ta kama haɓar ta ɗaga ta wajen haske, ta daɗe tana duba filastar. Ita ce ta goya yarinyar zuwa firamare shekara shida, rani da damina. Ta saki haɓar, ta juya ta ɗauki sandar hagu daga jikin bango ta kifa ta. Sai a lokacin na ga abin da ni da idona biyu ban duba ba duk tsawon tafiyar: robar ƙasan sandar ta cinye, ƙarfe ya leƙo yana ƙyalli. Ta shafa shi da babban yatsa. Ta duba ɗayar, ita ma saura kaɗan.

Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Ran wace ce taron naku?"

"Alhamis, Inna."

"Da wa za ki?"

"Ni ɗaya."

Hurera ta tashi ta shiga madafa ta fito da wuƙa. Ta zauna bakin turmi, ta cire silifas ɗin ƙafarta, ta ɗora gindin sandar a kai ta zana da'ira, ta fara yanka. Tana yi tana magana da sandar, ba da mu ba.

"Wanga na yau da gobe ne. Ran Laraba a kai wa mai faci ya sa na taya, mai kauri. Ba a tahiya Jibiya da ƙarfe tsirara."